Layar Kande a Shekarar Fara

Jiya da la'asar fara ta ratso ta kan gidanmu. Ba ta da yawa, ko rana ba ta rufe ba, kuma an ce kafin ta sauka a gonakin Riko mutanen gwamnati sun riga sun isa da mota da maganin feshi. Jikokina suka fita da kwanuka suna ihu suna kamawa, uwarsu ta soya musu da yaji, suka zauna bakin zaure suna ci suna dariya. Ni kuwa da ƙaurin ya buge ni sai na tashi na bar musu wurin. Na shiga ɗaki na zauna. An fi shekara arba'in, amma har yau in na ji wannan ƙauri sai in ga kaina tsaye a bakin iyaka da yaro a wuyana, bakina yana faɗin abin da ban taɓa gaya wa kowa gaskiyarsa ba.

Sunana Nomau. Ni ba mai ilmi ba ne, duk wanda ya karanta wannan zai gani. Iyayena Maguzawa ne, muna zaune a wata 'yar unguwa mai gida shida tsakanin Jibiya da Daddara, inda ake hango duwatsun iyaka da Turawa suka kafa tun ina yaro. Ɗan karatun da na sani cin rani ne ya kai ni gare shi. Rani biyu na yi can ƙasar Faransa, wato ƙetaren iyakar nan inda Faransawa ke mulki, ina ɗebo ruwa, ina yi wa dokin wani Bature ɗan mishan ciyawa. Shi ya koya mini baƙaƙen boko a kan ƙasa, ya ba ni labarin Yesu, na kuwa ba da gaskiya. Da zan dawo ya ba ni ɗan littafi siriri, Linjila ɗaya daga cikin huɗun nan, da Hausa. Ya ce in karanta wa 'ya'yana, su ma su iya. Abin da ya ɗora mini ke nan, bai ƙara komai ba.

'Ya'yana biyu ne a lokacin. Babbar sunanta Kande. A takarda nake iya faɗin sunan nan, da baki ban taɓa kiransa ba, domin ita ce 'yar fari. Yaran yanzu ba su san wannan ba sosai. A wurinmu mutum ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya zama tabarma ɗaya da shi. In baƙo ya tambaye shi ko nasa ne, sai ya sunkuyar da kai, ko ya ce ɗan wane ne. Uwata ce ta riƙe ta tun daga yaye, da ta rasu yarinyar ta dawo hannunmu. Ni da uwarta Tabawa "ke" muke ce mata, ko "waccan". Tana da shekara kamar tara a shekarar fara. Ƙanenta Mati yana da shida.

Saboda haka Mati na sa a gaba. Da azahar, in rana ta take kowa ya shige inuwa, sai in fito da littafin daga cikin tulun da nake ɓoye shi, in zauna a gindin danga, na juya wa danga fuska don kada wani ya shigo ya gan mu daga ƙofa. In share ƙasa da tafin hannu in zana baƙi, Mati ya zana. In buɗe littafin a ƙasa tsakanina da danga, in bi layi da tsinke. Na ce ɓoyewa nake yi, amma gaskiya babu wanda ya taɓa hana ni. Limamin unguwar da ke gaba da mu ya sani, abin da ya ce kawai shi ne mutanen littafi ma suna da nasu. Tsoron nawa ne, da shi aka haife ni. Kuma mai tsoro a waje shi ne mai zafin hannu a cikin gida. Ina da tsumagiya da nake ajiyewa kusa da littafin. Yaron nan ya sha ta a kan "ba" da "da", har ya zama in ya ga na nufi tulu sai cikinsa ya fara ciwo.

Wata rana Mati ya tsaya cak a kan wata kalma. Na ɗaga tsumagiya. Sai na ji murya ƙasa-ƙasa daga bayan danga ta faɗi kalmar. Na tsaya. Na matsar da tsinke zuwa ta gaba, muryar ta faɗa. Na tsallake layi biyu, ta faɗa. Da na leƙa sai ga ta durƙushe da ƙoƙon da aka aike ta wankewa, ta raba karan danga da yatsa ta yi 'yar kafa. Ashe wata da watanni tana nan. Kuma da yake ta ɗaya gefen take kallon littafin, a juye ta koyi karatun, kansa ƙasa. In ka miƙa mata shi daidai sai ta juya shi kafin ta fara.

Ban ce mata sannu ba. Ban ce ta zagayo ta zauna ba. Na ce da Mati, "Ka ji ko? Wadda ba a koya wa ba ma ta fi ka." Na zuba masa biyu. Daga ranar dai na ɗan ƙara tura littafin kusa da danga, iyakar alherina ke nan.

Da yake ba ta iya tambayata kai tsaye, Mati take turowa. Ranar da muka karanta labarin manomin da ya fita shuka, waɗansu iri suka faɗa kan hanya, waɗansu kan dutse, sai na ji ana raɗa a bayan danga. Mati ya matso ya ce, "Baba, Yaya ta ce wane irin manomi ne wannan? Ba shi da sungumi ne? Mi ya hana shi sara rami ya rufe da diddige kamar kowa?" Ban san amsa ba. Ni ma abin ya taɓa damuna, ban dai iya tambayar Baturen ba. Na ce, "Gaya mata ba a yi wa maganar Allah gardama." Tabawa tana tankaɗe a gefe, ta ce, "Ai ba gardama ta yi ba, maigida, tambaya ta yi." Na harare ta, ta ci gaba da tankaɗenta.

Damina ta shekarar ta fara da kyau. Ruwan fari ya zo da wuri, ya jiƙa ƙasa har kamu ɗaya, muka fita gaba ɗaya, ni ina sara, Tabawa da yaran suna jefa iri suna rufewa. Muka yi gayyar noman fari gida-gida, yau gonar wannan gobe ta wancan, mata na kawo fura a manyan ƙore. Aka yi maimai. Gero ya tashi baƙi ƙirin ya fi mutum tsawo, ya fidda kai, ya fara ƙwaya. Tsofaffi suna cewa sun daɗe ba su ga irinsa ba. Har na fara tunanin ƙara rumbu.

Fara ta zo da rana tsaka daga arewa. Da fari mun ɗauka hadari ne, ja-ja haka, har mata suka fara kwashe shanya. Sai muka ji ƙarar. Ba ta yi kama da iska ba, kamar wuta ce ta kama busasshen kara, amma daga sama. Rana ta dushe. Aka fita da duk abin da zai yi ƙara, ƙwarya, galma, tsohon kwano, ana bugawa ana ihu, waɗansu suna kunna ɗanyen ganye don hayaƙi. Tana faɗo mana a fuska, tana shiga riga, ƙafafunta suna karce wuya. Reshen gawo ya karye don nauyinta, da idona na gani. Na yi ta gudu daga wannan gefen gona zuwa wancan ina kaɗa bargo, har muryata ta tafi. Da gari ya waye gonata ta zama sanduna tsaye. Dami bakwai na ɗaure a gonar da nake samun sittin.

Mun ci farar ita ma. Muka cika buhuna, aka tafasa da kanwa, aka shanya a kan rufin ɗaki, unguwa duka ta ɗauki wannan ƙauri har cikin tufafi. Ta kai mu wata biyu. Geron muka raba, na iri na sa a tukunya na liƙe bakinta da laka na ce ko mutuwa za a yi ba mai taɓawa. Sauran Tabawa ta riƙa auna shi da ɗan ludayi, tana daka shi da dusarsa, kunu sau ɗaya a yini. Kafin tsakiyar rani ya ƙare. Muka koma 'ya'yan anza, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacin ya fita, in aka yi gaggawa kuwa a kwana ana amai. Mata suka riƙa tono gidajen tururuwa suna sheƙe 'yar ƙwayar da suka tara. Bazara ta shigo da zafin da ban taɓa ji ba, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa tun hantsi, rijiya ta koma laka, sai a zura guga a jira. Yara suka daina wasa. Wannan ne ya fi ba ni tsoro, unguwa mai yara fiye da ashirin amma shiru kamar maƙabarta.

Karatu dai ba mu bari ba, don yana ɗauke musu hankali daga ciki. Ni idona yana yin duhu in na sunkuya, sai na riƙa barin littafin a buɗe, muryar bayan danga ta karanta, mu mu saurara. Ranar da ta kai inda aka ciyar da taron jama'a da 'yar gurasa da kifi har aka kwashe ragowa, Mati yana kwance, ya ɗago kai ya ce, "Ragowar ina aka kai?" Tabawa ta yi dariya har ta yi hawaye, daga nan hawayen ya ƙi tsayawa. Tana da ciki wata bakwai a lokacin, ƙafafunta sun kumbura.

Ita ta kawo shawara. Tana da wa a wani ƙauye can ƙasar Faransa, tafiyar rabin yini daga iyaka, gonarsa tana fadama kuma fara ta tsallake dawarsa. Ya aiko cewa a kawo yaran su ci abinci a wurinsa har kaka. Na yarda da baki, amma ina jin tsoro, don na san abin da ake yi a bakin iyaka a lokacin. Mutanen ƙasar Faransa suna ta gudowa wajenmu saboda aikin dole, ƙauye guda sai ya tashi a wayi gari babu kowa. Kumandan, Baturen mulki na Maraɗi, ya sa a ransa cewa da takardu ake kiransu daga ƙasar Ingilishi. Saboda haka 'yan duwan, masu tsaron hanyar, duk wanda suka kama da takardar boko sai su ɗaure shi a kai shi fasa dutse. Akwai wani mai jakuna da muka sani, Barau, wasiƙar wani ɗan kasuwa kawai aka ba shi ya kai. Bayan wata biyar ya dawo, ba ya iya miƙe bayansa, bai kuma ƙara shekara ba.

Ana gobe tafiya Mati ya zo ya tsaya a gabana. "Yaya ta ce in ba da littafi ba, ba ta zuwa."

"Gaya mata littafi ɗaya ne, ba ya tsallaka iyaka."

Ya je ya dawo. "Ta ce ko kaɗan daga ciki. Ta ce in ta yi wata biyar ba ta gani ba za ta manta."

Yarinyar da ba ta taɓa roƙona ko goro ba. Na zauna ina tunani, sai dabara ta zo mini, na kuwa ji daɗin kaina ƙwarai. Ba a buɗe laya. Musulmi da Bamaguje duk sun yarda da wannan, ko ɓarawo ba ya farke layar yaro. Na warware zaren littafin na cire ganye goma daga tsakiya, na ninke su da kaina na naɗe da zare don kada a ga rubutun, na kai wa wani baduku a kasuwar Jibiya. Ni da na dawo daga wurin Bature na tsinke duk layun da ke wuyan yaran nan na ƙone a tsakar gida ina cika baki. Badukun ya auna ƙunshin a hannunsa ya ce, "Wannan laya ce ko matashin kai? Wane malami ne ya rubuta maka Alƙur'ani rabi?" Na ce ciwon yarinyar ne babba. Ya ɗinke ta da sabuwar jar fata, ya sa mata igiya.

Da na kawo, Tabawa ta ce, "Ba za ka rataya a wuyanka ba, ƙarƙashin riga?" Na ce ai ta yaro ce ba a taɓawa. Haka na faɗa. Amma a cikin raina akwai wani lissafi da na yi, na kuma san na yi shi: in har aka gano, gara a gano a wuyanta. Na ba Mati ya kai mata, ta rataya, ta riƙe da hannu biyu.

Muka tashi da sassafe ranar kasuwa, tare da maƙwabciyarmu Inna Ige, wata tsohuwa mai sayar da daddawa da ke tsallakawa duk mako. Musulma ce, ta san ni tun ina tsirara, "Nomau na Nasara" take ce mini. Na ɗora Mati a wuya don ba ya iya doguwar tafiya. Muka ratsa gulbi, babu ko ɗigon ruwa, rairayi ne mai zafi har idon sawu. A ɗaya gefen akwai rumfar kara a gindin wata tsamiya, mutane sun yi layi da kayansu. Ɗan duwan ɗin dogo ne mai jar hula, da tsagen Gobirawa a kumatunsa, yana riƙe da wani tsinken ƙarfe da yake soka wa buhuna. A kan kujera kuma ga tafinta, wani saurayi mai gajeren wando, yana fifita da hularsa.

Inna Ige ta wuce, har ta ba ɗan duwan daddawa ɗaya. Ni ya dube ni sama da ƙasa, ya taɓa aljihuna, ya ce in wuce. Na wuce. Sai na ji ya ce da yarinyar, "Ke, tsaya."

Abin da ban yi tunani ba ke nan. A shekarar da mutane ke sayar da tabarmar kwanansu, wa ke ɗinka sabuwar laya mai girman tafin hannu? Yarinya ƙashi da fata, zane duk ya yayyage, ga jar fata tana walƙiya a ƙirjinta. Ya ɗaga ta ya matsa. "Mi aka cusa cikin wagga? Azurfa?" Ya zaro wuƙa. Wata mata a layi ta ce, "Subhanallahi, laya fa!" Bai ko dube ta ba. Ya farke, ya tsinke zaren, ganyen suka buɗe a hannunsa.

Kowa ya ga ba rubutun malamai ba ne.

"Ɗiyar wa ce wagga?" Ya juyo ya dube ni. "Kai mai yaro a wuya. Tare kuke. Ɗiyarka ce?"

Na ga bayan Barau da ya ƙi miƙewa. Wallahi shi na gani, ba ita ba. Na ce, "A'a, ranka shi daɗe. Ban san ta ba. A hanya ta biyo mu."

A shekarar yunwa wannan ba abin mamaki ba ne, yara da yawa suna bin duk wanda suka gani da ƙunshi. Mati ya motsa a wuyana zai yi magana, na matse ƙafarsa har ya yi ƙara. Ita kuwa ta dube ni. Ba ta taɓa dubana ido cikin ido ba sai ranar. Daga nan ta mai da idonta ƙasa.

Ɗan duwan ya riƙe ganye ɗaya a gabansa yana juya shi, shi ma bai iya ba. Ya ce wa tafinta ya zo ya gani. Tafintan ya taso a hankali, ya duba, ya ce baƙaƙen dai ya san su, amma shi Faransanci ya koya, wannan sai ya zauna. Yarinyar tana tsaye a gabansu, takardar tana kallonta a juye, yadda ta saba. Sai kawai ta fara karantawa. Wurin da ake maganar tsuntsaye ne, yadda ba su da gona ba su da rumbu amma ana ciyar da su. Ta karanta har ƙarshen shafi, ɗan duwan yana riƙe da shi kamar ya riƙe maciji. Wani tsoho mai jaki ya ce, "La ilaha illallahu. Ɗiya mace, kuma ta baya!"

Tafinta ya yi dariya ya ce, "Wannan ba wasiƙa ba ce. Littafin 'yan mishan ne, na sha jin irinsa. Babu sunan ƙauye ko ɗaya ciki."

Ina so mai karatu ya lura da wannan wuri, don nan ne laifina ya fi girma. An riga an ce ba wasiƙa ba ce. Da na buɗe baki a lokacin, watakila mari zan sha, ko bulala biyar. Ban buɗe ba.

Ɗan duwan ya sunkuya ya ce, "Ke, wa ya koya maki?"

Na kawar da fuskata.

Ta ce, "Ba wanda ya koya mani. Ta kafar danga na gani."

"Dangar wa?"

Ta yi shiru. Ya sake tambaya, ya ɗaga murya, ta yi shiru.

Ya miƙe ya ce wa tafinta, "To, tunda ba ta da kowa, a kai ta Maraɗi. Kumandan zai so ya ga wannan abin mamaki. In ya ga dama ya ba matarsa ta riƙe." Ya ɗauko igiyar da ake ɗaure awaki ya zarga a kugunta, ya ɗaura ɗaya bakin a jikin rumfa. Igiyar ta zagaya ta sau biyu don rama. Ya dube ni ya ce, "Kai kuma mi kake jira? Tafi."

Na tafi. Ƙafafuna suka ɗauke ni, na ƙirga taku bakwai. Mati yana dukan kaina da hannu yana cewa, "Yaya, Baba, Yaya." Ban san inda zan tsaya ba, kuma ban ce da na tsaya ba.

Inna Ige ce ta sauke ƙwaryarta a tsakiyar hanya. Ta dawo tana tafa hannu tana salati, ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta tsaya a gaban ɗan duwan.

"Kai ɗana, kai ba Bahaushe ba ne? Da tsage a fuskarka kake wannan aiki? Ɗiyatai ta, wancan mai yaro a wuya! Ta fari! Ni na yanke mata cibi. Ka tsare mutum gaban jama'a ka ce ya faɗi da bakinsa ɗiyar fari tasa ce? Ubanka ya taɓa faɗin haka a kanka?"

Ya dube ta, ya dube ni. Sai ya fashe da dariya, har ya dafa rumfa. "Wallahi Inna, ni ma na fari ne. Tsohona har ya mutu 'kai wane' yake ce mani." Mutanen layi suka ɗauka, kowa yana dariya, dariyar waɗanda suka daɗe ba su yi ba. Ya ƙwala mini kira. "Kai mai kunya! Haka ne?"

Na sunkuyar da kai. Abin da mai kunya zai yi ke nan, kuma abin da matsoraci zai yi ke nan, babu mai iya rabewa daga waje.

"Kunyarka ta yi yawa," in ji shi. "Saura kaɗan ta kai ɗiyarka Maraɗi." Ya kwance igiyar, ya watsar da ganyen a ƙasa, fatar kuwa ya sa a aljihu. Ta durƙusa ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, tana busa rairayin, ta ƙirga goma, ta soke a cikin zanenta.

Muka kama hanya. Inna Ige ta rabu da mu a mararrabar kasuwa. Kafin ta juya ta matso kusa da ni, ba dariya a fuskarta, ta ce, "Nomau, na rufa maka. Allah shi rufa mana duka." Ita kaɗai ta sani. Har ta mutu ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Sauran tafiyar mu uku ne. Rana ta take, babu inuwa sai ta ƙaya. Mati ya yi barci a wuyana, yawunsa yana zuba a kunnena. Tana bayana, ina jin takunta. Mun kusa ƙauyen kawunta, har ana hango rumbuna, sai na ji ta ce, "Baba."

Ba ta turo kowa ba, da bakinta ta kira. Ban juya ba, na dai rage tafiya.

"Da Inna ba ta dawo ba, da ka faɗa masu?"

Na ce, "Da na faɗa mana. Jira nake ya huce."

Ta ce, "To."

Labarin ya riga ni komawa gida. A kasuwar Jibiya aka riƙa nuna ni, ga mutumin da kunya ta hana shi amsa 'yarsa ko da an ɗaure ta. Tsofaffi suka riƙa yabona, suna cewa shiga addinin Nasara bai ɓata mini tarbiyya ba. Na karɓi yabon. Tabawa ma haka ta ji, haka ta yarda, har ta koma ga Allah. Ruwa ya sauka, na fasa tukunyar iri muka shuka, aka haifi jaririn bai zauna ba. Da kaka yaran suka dawo da kumatu, ganyen nan goma sun yi laushi kamar tsumma, 'ya'yan kawunta uku sun iya baƙaƙe. Na mai da su cikin littafin na ɗinke. Tun daga nan ita ta riƙa koya wa Mati da waɗanda aka haifa daga baya, ba ta taɓa dukan kowa ba, kuma duk tambayar da yaro ya yi sai ta tsaya ta amsa, in ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba. Yanzu tana da jikoki, kowane da littafinsa cikakke mai bango, suna karantawa a bakin ƙofa kowa yana wucewa.

Na yi wa Allah wannan ikirari sau da yawa, a gona da cikin ɗaki. Ita ce ban yi wa ba. Bakina ba zai iya ba, shi ya sa na sayi wannan littafin rubutu, kuma zan ba mai mota ya kai mata ranar kasuwa. Ta tambaye ni abu ɗaya a duk rayuwarta, na yi mata ƙarya, ta ce to.

Kande, ba kunya ba ce. Ba kuma jira nake ya huce ba. Da Inna ba ta dawo ba, da ban faɗa ba.